Ranar da Aka Ɗora Autata a Sikeli

Jiya saura mota biyu a zo kaina a layin mai, bayan awa uku ina gasuwa, maiɗakina ta kira ta ce in baro komai in zo, Auta ta shiga kwana na biyu ba ta cin abinci. Wanda ya san Autata ya san in ka ji gangami da labari. Shekararta goma sha ɗaya, kumatu tubarkalla, kuma tun da aka yaye ta ba ta taɓa juya wa kwano baya ba. Ita ce kuma ta ɗaya a lissafi a ajinsu, shekara uku a jere.

Na sami Auta a bakin gado da takardar makaranta a hannu. Wani kwamiti ne ya zo makarantarsu ya auna yara, ya gano cewa ƙiba tana dakushe ƙwaƙwalwa. Don haka duk wanda ya haura kilo arba'in da biyar an cire sunansa daga jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta ranar Asabar, kada ya zubar wa makaranta da mutunci. Auta ta buga hamsin da ɗaya. Yarinyar nan ta zauna ta lissafa kwana nawa za ta yi da yunwa kafin Asabar. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Maƙwabcina tela ya ce kada in ga laifin manya gaba ɗaya, shi kansa duk shekara sai ya ƙara wa wandon makaranta faɗi. Na yarda. Yaron da jiki ya yi wa yawa yana haki, yana gyangyaɗi a aji, abokai suna tsokanarsa har karatun ya fita ransa. Amma na tambayi tela, a ina za su yi gudun? Filin wasan makarantar, rabi an zuba masa siminti don motocin baƙi, rabi an kafa shagon alewa da lemon kwalba, na ƙanen matar wani babba. Tela ya ce shi dai allura ya sani.

Na ja Auta muka nufi makaranta, muka yi sa'a Mai Girma Shugaban Kwamitin Rage Tumbin 'Ya'yan Talakawa ya zo duba aiki. Mutum biyu ne suka taimaka masa ya fito daga mota. Bawan Allah ya sha wahala a kanmu, kwana biyar ya yi a otal yana taron bita kan illar yawan ci, ana hutun shayi sau uku a rana. Laifi tudu ne, in ji masu magana, amma wannan tudun ko mai shi ba ya iya hawa.

Na durƙusa na kwashi gaisuwa, na ce ranka ya daɗe, yarinyar nan ita ce ta ɗaya a lissafi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce alƙaluma ba sa ƙarya. Auta ta ja rigata ta ce in roƙa a sake auna ta. Aka fito da sikeli, ta fara sauke jakarta, sai akawun kwamiti ya daka mata tsawa.

“Mayar da ita baya, kamar ranar nan. Yara ɗari huɗu, wa ke da lokacin a sauke a ɗauka?”

Jama'a, ashe da jakunkuna a bayansu aka auna su. Jakar Auta kuwa littafi goma sha huɗu ne a ciki, waɗanda wani kwamitin, wan wannan, ya ce dole kowane yaro ya riƙa zuwa da su kullum. Malamin lissafi, da ya yi kwana biyu yana zagaye kamar kazar da aka kwashe wa 'ya'ya, ya karɓi jerin waɗanda aka cire ya duba. Duk zaratan ajinsa ne. Waɗanda suka tsallake su ne gwanayen zuwa da littafi ɗaya a naɗe cikin aljihu.

Na ɗauka Mai Girma zai ji kunya. Ina! Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ya ce rahoto an riga an buga shi da takarda mai sheƙi, an ƙaddamar, an yi tafi, ba ya gyaruwa. Amma zai kafa ƙaramin kwamiti ya binciki nauyin jakunkuna, ya kawo sakamako cikin wata shida. Jarrabawa kuwa jibi.

Shugabar makaranta ce ta raka mu ƙofa, ta yi ƙasa da murya ta ce doka ta ba da damar sake awo gobe ga duk yaron da ya yi ƙoƙarin ramewa, kuma dokar ba ta ce a leƙa cikin jaka ba.

Yau da safe Auta ta goya jaka fayau, ba ko fensir. Sikeli ya nuna arba'in da uku. Aka yi tafi, aka mayar da sunanta, Mai Girma ya dafa kanta aka ɗauki hoto, ya sanar cewa shirin kwamiti ya zubar wa yarinya kilo takwas a kwana biyu. Yara ashirin da shida ne suka warke haka a safiya ɗaya.

Da rana Auta ta share kwano biyu, uwarta tana kallo tana hamdala. Ta ɗago ta ce, “Baba, yaushe zan koma zuwa da littattafaina?”

Na ce ta bari sai kwamiti ya gama taimaka mata da karatu.

Sikelin dai Mai Girma bai hau ba, kuma na yaba masa. Kayan gwamnati ne, a riƙa tattalinsu.