Manyan Tayoyi da Gonata ta Kwanar Tsamiya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Leƙa Hanyoyin Ƙauye, Allah ya ƙara ɗaukaka ka kamar yadda aka ɗaga motarka.

Bayan gaisuwa da ban girma, ni ne tsohon da ke da gonar gyaɗa a kwanar tsamiya, kan hanyar kasuwar Tsanyawa. Na ji kwamitinka zai zauna don zaɓar wa motar rangadi sabbin tayoyi, ko masu inci talatin da biyar ko talatin da bakwai. Da yake a gonata ake gwada su, na ga ya dace in sa baki.

Na ɗaya. Ina jinjina wa hikimar da ta ga ramuka a hanya, sai ta ƙara wa mota tsawo. A kwalejin horon malamai, cike rami aka koya mana. Ashe ilimi ya yi gaba ba a aiko mana ba.

Na biyu. Direbanka Abdulhadi, mutum mai ladabi, ya durƙusa har ƙasa ya yi mini bayani. Tun da aka sa manyan tayoyin bara, in ya murɗa sitiyari sosai sai taya ta riƙa gogar jikin mota. Don haka ba ya iya shan kwanar, sai dai ya miƙe ta cikin gyaɗata. Ya ce, "Baba, a yi haƙuri, fentin sabo ne." Na yi. Wane ni da haɗa gyaɗa da fenti?

Na uku. Inda babbar mota ta bi, nan ne hanya. Amalanke ya bi sawu, babura suka biyo, yanzu har bas ɗin ranar kasuwa a tsakiyar kunyoyina take sauke fasinja. Gambar da mahaifina ya dasa a kan iyaka ta zama laka. Tsohuwar hanyar kuwa ruwa ya kwanta a cikinta, Ja'afaru mai gonar ƙetare ya shuka shinkafa. Kullum yana sa ka a addu'a. Ranar Juma'a ma ya tambaye ni ko ba a ƙera taya mai inci hamsin.

Na huɗu. Na kai kuka wurin mai unguwa. Ya zo, ya duba, ya ce hanya ta jama'a ce, ba a toshe ta. Na ce wacce daga ciki? Ya ce wadda ake bi.

Ranka ya daɗe, an ce rahotonka ya nuna hanyarmu lafiya lau take. Wa zai musa? Daga inda kake zaune, ai ko dawa ciyawa ce.

Ga shawarata. Bakanike ya tabbatar mini cewa iya girman taya, iya nisan da mota za ta kutsa kafin ta juya. Abin da ya rage na gonar shi ke ciyar da ni da maiɗakina Huseina. Talatin da biyar za ta ci rabinsa, ta bar ni ina noman rabi ina kallon rabi, kuma shekaruna sun wuce wannan wasan. A daure a zaɓi talatin da bakwai ta gama aikin gaba ɗaya. Roƙona kawai a sanar da ni kafin ruwan shuka, kada in binne irina a kan titi. In ba za a shuka shi ba, gara Huseina ta soya mana mu ci.

Naka mai biyayya, wanda yake tsayuwa a gefe in ya ji ƙarar motarka,

Malam Zaharaddini Abdussalam,
tsohon malamin makaranta,
Kwanar Tsamiya.