Aragin da Babu Mai Sha a Ard al-Liwa

Ranar Talata da hantsi na zama jakin unguwarmu, Ard al-Liwa. Ni na goyo maƙwabcina Osama tela daga hawan ƙarshe na benenmu har bakin titi, ga shi ƙato, ga masu tuktuk, a-daidaita-sahun nan, suna wuce mu kamar mun ci musu bashi. Aragi ne ya kayar da shi, giyar dabinon nan da ake dafawa a ɓoye a ɗura a gorar ruwa. Wani marar imani ne ya tsinka ta da sinadarin goge fenti.

Ashe tun Lahadi yake gani dishi-dishi. Matarsa Mahasin ta kulle ƙofa tana ɗura masa gahawa da lemun tsami, duk wanda ya ƙwanƙwasa ta ce zazzaɓi ne.

Na ce, "Mahasin, me ya hana ki kira mu?"

Ta ce, "Baba, in ce me? Gobe a daina kawo masa ɗinki, a daina amsa gaisuwata?"

Ban ga laifinta ba. Likita Wijdan, 'yar unguwarmu, ta daɗe tana roƙon kwamitin tarbiyya na 'yan uwanmu Hausawa mazauna nan ƙasar waje su bar ta ta faɗa wa jama'a magana guda: wanda ya sha ya ga dishi-dishi, a ruga da shi asibiti a ranar, kafin idon ya mutu. Shugaban kwamitin, Mai Girma Uban Tarbiyya, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya kira taro a wani otal a unguwar Dokki. Aka ci gasassun tattabaru, aka ɗauki hoto, aka tashi da matsaya mai cike da hikima: Bahaushe ba ya shan giya, don haka babu wanda za a gargaɗa.

Na kai kukana wurin Ɗanmalam, ɗalibin da ke hawan ƙasa. Ya ce, "Ai in ka koya wa mutum abin da zai yi bayan ya sha, ka ba shi izinin sha ke nan."

Na ce, "Shi mai dafawar, izinin wa ya nema?"

Ya ce khalas, magana ta ƙare, yana da darasi.

Mun kai Osama asibiti a makare. Likitoci sun ceto ransa, idanun kam sun tafi, kuma wallahi abin ya ci min rai. Sai a lokacin kwamiti ya motsa, aka manna sanarwa a ƙofar gininmu da ƙaton hoton Mai Girma.

Yau Mahasin ta jawo Osama gida. Ya shafo takardar, ya ce in karanta masa. Na karanta: giya haramun ce.

Ya ce, "Wannan tun ina allo na sani. Babu maganar asibiti?"

Na ce ma'alish, sai haƙuri, hoto ya cinye wurin.