Wuƙar Injiniya Usama da Ragon Gogo

Duk Gashuwa, kai har Nguru, ba a haifi mai basira irin Injiniya Usama, Sarkin Maƙeran Yutub ba. Bai taɓa zama gaban zugazugi ba, amma cikin sati biyu ya haddace ƙira a waya. Takardar injiniyancin kuwa kar ka tambaya, shi ya ba kansa.

Da igiya ya fara, wata mai launi da yake oda daga Kano, wadda ya rantse wai da ita sojoji ke dirowa daga jirgi. Ya kitsa ta a wuyan hannu, ya kitsa a makullin babur, har butar alwalarsa sai da ta sha kitso. Daga nan ya samo guntun ƙarfen sifirin mota a Nguru, ya ƙera wuƙa, ya kitse ƙotarta da igiyar.

"Maƙeranmu gado kawai suka yi," in ji shi a majalisa, yana gyara zaman gilashi. "Ni ilimi nake bi. Wannan wuƙar ko a Jamus sai an yi mata layi."

Abin da bai faɗa ba, datarsa ta ƙare ana tsakiyar bidiyo. Ya ga inda ake tsoma jan ƙarfe a mai, bai ga inda ake sake gasa shi don kada ya yi gautsi ba. Ya ce ai sauran surutu ne.

Ana nan matarsa Sakinatu ta haihu. Gogo, ƙanwar mahaifinsa, ta kawo ragon suna, wanda ta yi wata tara tana kiwo da dusa da harawa. Injiniya ya kafa doka: banda tasa, kada wuƙar kowa ta kusanci ragon nan. Har mahauci sai da ya ce masa ya zo hannu rabbana.

Ran suna aka kayar da rago. Liman ya jujjuya wuƙar, ya ce, "Usama, an gwada ta kuwa?"

"Allah gafarta Malam, aikin ilimi ba ya buƙatar gwaji."

To fa. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Liman ya yi bisimilla, ja ɗaya, ƙas! Wuƙa ta karye biyu, yanka ya tsaya a rabi, aka bar Malam riƙe da kitson igiya. Aka shiga ihun a kawo wuƙa, ina wuƙa? Kafin a aro ta maƙwabta rago ya daina shure-shure. Liman ya karkaɗe hannu ya ce, "Wannan kam mushe ne."

Injiniya ya gyara murya. "Jama'a, matsalar daga wuyan ragon take..."

Gogo ta fito, mayafi a hannu, idonta jajir. Wallahi ta ba ni tausayi.

"Rufe min baki, ɗan nema! Wata tara ina hana cikina ina ba shi, ashe karnuka nake yi wa kiwo!"

Ranar baƙi shinkafa da mai da yaji suka ci. Su kuwa karnukan bayan gari, har gobe ba su da gwani sai Injiniya.