Jakada da Tayi na Uku

A duk faɗin garin Margilon babu wanda ya san Bajamushe kamar Holmurod-aka, mataimakin shugabar makarantar unguwar masaƙa. Ba a littafi ya san shi ba, irin sanin malaman yanzu. Har gida ya bi shi. Zamanin Sobiyet, da aka ɗebe shi soja, Jamus ta Gabas aka kai shi, inda ya yi wa ƙasa hidima a ɗakin girkin bariki, yana ferar dankali tun safe har hannu ya sage. Gaskiya ne ba a taɓa barinsa ya taka ƙofar barikin ba. Amma katangar bayan ɗakin girkin tana da wata 'yar kafa, kuma mai basira ba ya buƙatar fiye da haka. Ta wannan kafar ya ga wata tsohuwa a kan keke, ya ga kare, ya ga rabin coci. Daga nan ya gama fahimtar Turai.

Malamai suna ce masa Jakada. Yana amsawa da ɗan sunkuyar da kai, don bai taɓa jin dariya ta biyo bayan sunan ba. Sukan jira ya fita.

Sai ga labari cewa makarantar ta ƙulla zumunci da wata makaranta a Jamus. Yaransu za su zo a lokacin kaka su zauna a gidajen yaran unguwa, sannan idan sun tashi komawa, na unguwa su bi su. Dilafruz, malamar Jamusanci, dole ta je saboda tafinta. Saura kujera ɗaya ta malamin rakiya, kuma Frau Kessler, jagorar baƙin, ita za ta ambaci sunan mai ita kafin su tafi.

Jakada ba ya kwaɗayin wannan kujera. Ya faɗa da bakinsa a ofis, ya faɗa a gidan shayi, ya tare mai sayar da gurasa ya faɗa masa. Fasfonsa kawai ya sabunta, ya kuma ɗinka sabuwar kwat, domin mutum mai tsari ba ya jiran dalili.

Ya tara iyayen da za su karɓi baƙi a babban ɗakin taro, ya hau mumbari.

"Jama'a, ku buɗe kunnuwanku. Bajamushe ba mutum ba ne kamar ni da ku. Ina nufin kamar ku. Ba ya zama a ƙasa, gwiwarsa ba ta saba ba. Ba ya ci da hannu, ba ya ci cikin taro, ba ya son surutu. Duk wanda ba shi da teburi da kujera ya je ya aro. Abincinsa kuwa dankali ne. Kada wata ta zo min da maganar palov, wannan dafa-dukar taku ta shinkafa da nama. Ni na san yawan dankalin da ƙasar nan ke ci, ta hannuna ya bi."

Babu wanda ya tuna masa cewa sojojin Sobiyet ne suka cinye wancan dankalin. Wata uwa dai ta ɗaga hannu, ta kira shi da domla, wato malam.

"Domla, to kakar yara fa? Ba ta iya ganin baƙo ba ta sumbaci goshinsa ba."

"A kai ta gidan ƙanwarki har su tafi. Turai ba ta san sumbar goshi ba."

Iyaye suka dafa ƙirji suka ce to, suka koma gida suka jiƙa shinkafa. Gida ɗaya tak ne a unguwar ya bi doka sau da ƙafa, shi ne gidan mai dokar.

Ranar da baƙin suka sauka, Jakada ya tare su a harabar makaranta da iyakar Jamusancin da bariki ya bar masa. Ya daka tsawar hattara irin ta soja, "Achtung!" Wata yarinya ta saki jakarta, wani ya waiga yana neman abin da zai faɗo masa a ka. Daga nan ya shiga jawabi da harshen gida. Ya fara daga hanyar fataken alharini, ya ratsa ta ƙuruciyarsa, ya tsaya ya yi bayanin zumuncin al'ummai, har rana ta baro kan bishiyar tut ta sauka a kan wuyan baƙi. Dilafruz ta juya jawabin da 'yan kalmomin da ba su cika numfashi guda ba. Jakada ya dubi malamai cike da alfahari.

"Kun ji Jamusanci. Ba ɓarna."

Wajen rabon baƙi, shi ya fara zaɓe. Ya ɗauki wanda ya fi kowa tsawo, wani yaro mai suna Malte, bisa hujjar cewa irin wannan tsawo ba ya fitowa daga ƙaramin gida. Da aka tambayi yaron sana'ar ubansa, ya ce direban bas ne. Kafin magariba duk maƙwabta sun ji cewa ɗan mai riƙe da harkar sufurin wani babban birni ya sauka a gidan Holmurod-aka.

An ware wa Malte ɗakin baƙi. An kwashe shimfiɗu da matasan kai, an kafa teburi guda da kujera guda a tsakiya, an rataya agogo yana kallonsa. Safe dankali, rana dankali, yamma dankali, a dafe, ba mai, da cokali mai yatsu a gefe. Mohira-opa, matar gidan, takan ajiye farantin ta fita da sanɗa, kamar mai jinyar wanda likita ya cire wa rai. Iyalin kuwa suna can tsakar gida a ƙarƙashin inabi, sun kewaye tire guda na palov, suna ci suna raɗa.

"Baban yara, yaron nan fa ramewa yake," in ji Mohira-opa. "Jiya na gan shi ya manna hanci a jikin taga."

"Nazari yake yi, uwar yara. Haka suke. Ke dai ki ƙara masa dankali."

Malte kuwa ya tambayi Dilafruz a makaranta, cikin ladabi, ko akwai wata cuta da ake zaton yana ɗauke da ita, tunda sauran abokansa duk suna ƙiba, an kai wasu biki har sun yi rawa, shi kuma an killace shi. Dilafruz ta ce masa girmamawa ce. Yaron ya tafi yana juya maganar.

Wata rana Jakada ya dawo gida da wuri, ya tarar da kujerar Turai ba kowa. Ɗan mai harkar sufuri yana tsakar gida, ya tanƙwashe dogayen ƙafafunsa a kan shimfiɗa, mai yana bin gwiwar hannunsa, mahaifiyar Jakada, wadda ta sulalo gida daga inda aka kai ta, tana tura masa nama gabansa tana kiransa ɗan raƙumina. A goshinsa ga shaidar sumba, da maiƙonta. Jakada ya tsaya, ya auna lamarin da idon masani, ya ce wa matarsa wannan shi ake kira diflomasiyya: yaron yana ƙasƙantar da kansa ne don kada talakawa su ji kunya. Ya ba da umarni a ci gaba da ajiye dankalin a teburi, ko da zai so ya huta.

Aka zo walimar bankwana. An kafa babbar tukunya a harabar makaranta, iyaye sun cika wuri, Zulaiho-opa shugabar makaranta tana zaune a sama, Jakada a damanta cikin sabuwar kwat. Frau Kessler ta miƙe, Dilafruz na juyawa. Ta gode wa kowa. Sannan ta ce a tsarinsu, wanda ya ɗauki nauyin shirya zuwan baƙi shi ya fi cancantar rakiya, don haka tana gayyatar Holmurod-aka ya zo Jamus tare da yara.

Abin da Jakada ya ɗinka wa kwat ya zo. Amma shi ɗan gidan mutunci ne. A garin nan ko shayi aka miƙa wa mutum, sai ya ce a'a. A sake miƙawa, ya rantse yanzu ya sha. Sai a na uku, bayan an kama masa hannun riga, yake karɓa kamar wanda aka zalunta. Wanda ya cafke tayin farko, har jikokinsa sai an yi musu gori. Balle tayi irin wannan, a gaban iyaye. Ya miƙe a hankali, ya dafa ƙirji.

"Ni? Wane ni! Ni ƙaramin bawan ilimi ne. Na ga Turai tun waɗannan malaman suna rarrafe, idona ya ƙoshi. A ba wa wani, a ba wa wanda bai gani ba."

Dilafruz ta dube shi. Ya ɗaga mata gira, ta juya maganar kalma da kalma. Frau Kessler ta ɗan yi mamaki.

"Ta ce, ka tabbata, domla?"

Na biyu ke nan. Jakada ya ji daɗin yadda baƙuwar ta san ka'ida. A tayi na biyu ne ake gane gwani, don haka ya zage.

"Ko kusa! Ga ciwon baya, ga tsohuwa a gida, ga makaranta da ba ta kwana lafiya in ba na nan. Ko an ɗaure ni ba zan hau jirgi ba. Kada a ƙara yi min wannan magana, don Allah."

Ya zauna, ya gyara wuyan kwat, ya ɗan tura hannun rigarsa gefen teburi inda zai yi sauƙin kamawa.

Frau Kessler ta ce ta fahimta, Allah ya ba shi lafiyar baya, ba za ta ƙara takura masa ba. Ta juya ga na kusa da shi, Turgun malamin motsa jiki, wanda tun fara jawabi bai ɗago daga tire ba. Ta tambaye shi. Turgun ɗan mutunci ne shi ma, da ya ƙi. Sai dai bakinsa cike yake da shinkafa, kuma ya zaci ana tambayarsa ko abincin ya yi daɗi. Ya gyaɗa kai da ƙarfi, ya ɗaga babban yatsa.

Jakada ya yi tari. Ya sake tari, yana duban Zulaiho-opa, wadda ta san ka'ida sarai, kuma kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta zama ta uku. Shugabar ta miƙe, idonta har da ƙwalla.

"Jama'a, kun ga dattako? Kun ga sadaukarwa? A tafa wa Holmurod-aka!"

Aka tafa. Malamai suka fi kowa tafi, wasu har da miƙewa tsaye. Iyaye suka yi layi suna riƙe hannunsa bibbiyu, suna ce masa irinsa sun ƙare a duniya. Wata tsohuwa ta ba shi sunan man da ake shafa wa ciwon baya.

Bai fid da rai ba. Ya san Bajamushe: mutum ne mai tsari, ba ya barin lissafi a biyu. Ranar tafiya ya zo tashar jirgin ƙasa cikin kwat, fasfo a aljihun ƙirji, ƙaramar jaka a ɓoye bayan wani benci. Ya yi ta kai da kawo a gaban Frau Kessler yana miƙe baya, yana ɗaga akwatunan yara da hannu ɗaya don a ga sauƙi ya samu. Ta ce ya yi hankali da bayansa. Yara suka shiga, Malte ya shiga da ƙunshin gurasar tsohuwa, Turgun ya shiga yana tambayar ko Jamus ɗin gaba take da Tashkent.

Jirgi ya yi kuka, ya fara motsi. Sai ga taga ta buɗe, Frau Kessler ta leƙo tana ɗaga hannu, tana kiran sunansa da ƙarfi. Jakada ya sungumi jakarsa ya bi jirgin a guje, ɗaya hannun a ƙirji.

"To, tunda kun matsa! Tunda kun matsa min!"

Dilafruz ta leƙo ta gefen kafaɗarta.

"Domla! Ta ce ga kankanar Turgun can ya manta a kan benci, ko za ka miƙo?"