Haƙorin da Na Wanke

Wata Juma'a da safe, a bakin teku can yamma da Doha, na tsinci haƙorin kifin shak manne a jikin farin dutse. An ce irinsa sun yi miliyoyin shekaru a wurin. Na daɗe ina juya shi a tafin hannuna, ina tunanin ruwan da ya taɓa rufe inda nake tsaye.

Ina komawa gida a unguwar Al-Sadd na gayyaci 'yan uwanmu Hausawa su zo kallo. Sai dai dutsen ya yi mini dauɗa, ni kuwa ba na nuna wa baƙi ƙazanta. Na zuba ruwan wanke banɗaki, mai ƙarfin nan, a bokiti na tsoma shi ciki. Da ya fara kumfa har daɗi na ji, na ce aiki yake yi.

Washegari suka cika falo, na ɗauko bokitin. Babu dutse, babu haƙori, sai wani farin kunu kwance a ƙasa.

Alhaji Sani, babbanmu, ya daɗe yana leƙawa. Ya ce, "Khalas, shi ke nan. Abin da teku da rana suka kasa, kai ka gama shi a kwana ɗaya."

Har yau, in na tashi kwashe kwanuka bayan cin abinci, sai wani ya riƙe hannuna: "Zauna, Malam. Muna son kwanukanmu."