Jibo da Na'urar Maƙogwaro

A ƙauyen Rafin Kuka akwai wani magidanci ana ce masa Jibo, wanda duk abin da aka faɗa masa haka yake ɗaukarsa, ba ragi ba ƙari. Yana zaune da mahaifinsa, Malam Nadabo, wanda shanyewar ɓarin jiki ta hana haɗiya, ko ruwa ya kurɓa sai ya ƙware. Ta roba a hanci ake ba shi abinci, tsohon kuwa ba abin da ya tsana irin robar nan. Asibiti ya haɗa su da wata ma'aikaciya, Malama Uwani, mai liƙa wa majiyyaci 'yan faifai a wuya, ta jona su da ƙaramar na'ura mai batir, lantarki kaɗan-kaɗan ya riƙa motsa naman maƙogwaro.

Wata rana ta gargaɗi Jibo kada komai ya taɓa bakin Baba sai ta dawo. Jibo ya ɗauki mafici ya zauna gadi, ya kori ƙuda, ya ɓoye asuwaki, da tsohon ya zo rufe hamma ma sai ya riƙe masa hannu.

Wata rana ta ce a dama kunu da kauri har cokali ya tsaya, domin mai ruwa-ruwa ya fi saurin sarƙe mutum. Jibo ya yi ta ƙara ƙullu har cokali ya tsaya ƙyam. Da aka zo zare shi, da kwanon ya taso.

Wata rana aka kunna na'ura, Malam Nadabo ya kau da kai. Mako uku yana gwadawa yana ƙwarewa a gaban mutane, kunya ta ishe shi, ya nuna a bar shi da robarsa. Malama Uwani ta bayyana masa cewa na'ura ba ta yi wa mutum haɗiya, taimako kawai take yi.

Ta ce, "Da zarar fitilar na'urar nan ta kama, sai a haɗiye."

Jibo bai ji an ware kowa ba. Ya durƙusa gaban mahaifinsa, fitila na kamawa ya haɗiyi yawu ƙwat. Ta sake, ya sake. A karo na bakwai ya sarƙe, ya hau tari har da hawaye, amma bai fasa ba. Tsohon ya daɗe yana kallon lafiyayyen ƙato yana ƙwarewa babu ko ɗigon kunya. Sannan ya buɗe baki, aka sa masa rabin cokalin koko, suka haɗiye tare. Koko ya wuce lafiya.

Da dusasshiyar murya ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Jibo."

Jibo ya so ya ce amin, amma fitila ta riga ta sake kamawa.