Ranar da Baba Ya Yi Magana Daga Cikin Faifai

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a falonmu na unguwar Longsight a Manchester ba.

Baba mawaƙi ne a Kumasi kafin ya zo Manchester ya kama tuƙin bas. Da ya rasu ya bar akwati cike da faya-fayan garmaho. Ni kuma ɗan zamani, duk waƙoƙin duniya suna cikin wayata, kuɗin da nake biya a wata bai kai na shayi da burodi ba. Na kwashi akwatin na sayar wa wani dillali a kasuwa da arha, na dawo na ce wa mahaifiyata Mma danshin ɗakin ƙasa ya cinye su. (Har da marairaice fuska, Allah ya yafe mini.)

Bayan shekara biyu Mma ta ce tana son jin muryar mijinta. Faifai ɗaya tak Baba ya taɓa yi na waƙarsa. Na duba waya da gadara, babu shi, babu alamarsa. Sai a wani shago a Birmingham na samo, kuma a nan na gane faya-fayan da na raina sun zama zinariya. Mai shagon ya faɗi kuɗi, na ce ya maimaita. Na biya. A jirgin ƙasa ina dawowa na juya kwalin faifan, sai ga rubutun hannun Baba a baya. Nasa ne da na sayar na sake saya.

Na ari garmaho na ajiye a falo bayan la'asar. Sanyi ake, gari ya yi duhu da hadari, ruwa na tsiyaya a jikin taga. Mma na zaune ƙarƙashin hoton Baba, yayata Rakiya na gefenta. Na ɗora allura.

Da farko ƙaras-ƙaras kawai, kamar ana taka busasshen ganye. Sai ganga, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Sai murya. Muryar Baba ce, ba shakka, amma ta yi kauri, tana jan kowace kalma kamar daga cikin rijiya. Nishi ne, ba waƙa ba. Rakiya ta fara karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Na ɗaga ido, wallahi na ga hoton yana kallona ni kaɗai.

Ni da na karanta injiniyanci a jami'ar Salford, ni da ke yi wa mutane dariya in sun yi zancen aljanu, sai ga ni a durƙushe gaban garmahon aro.

"Baba ka yafe mini!" na ce da ƙarfi. "Ba danshi ba ne, ni na sayar da su! Duka akwatin! Kuɗin ma takalmi na saya da su!"

Muryar ta ci gaba da nishi. Na ƙara da cewa ni na fasa masa madubin mota tun ina sakandare. (Wannan ba wanda ya tambaye ni.)

Mma ta bari na yi shiru don kaina.

"Ka gama?" ta ce.

Ta tashi da kyar, ta murɗa wani ɗan maɓalli a gefen garmahon. Nan take ganga ta ɗauki zafi, muryar saurayi ta cika falon, siririya, mai daɗi, kamar yana dariya.

"Ƙaramin faifai da sauri yake juyawa, injiniya," in ji ta. "Ka bar shi a gudun babba."

Rakiya ta kife a kujera tana dariya har da hawaye. Mma ba ta yi dariya ba. Ta rufe ido ta saurari mijinta har allura ta kai ƙarshe, sannan ta kalle ni.

"Akwai saura faya-fayai talatin da ɗaya. Na san sunan kowanne, zan rubuta maka."

Kunyar ta fi wancan tsoron yi mini ciwo, kuma ita ba ta wuce ba har yau. Na samo tara zuwa yanzu, ma'aikatan jirgin Birmingham sun fara gane fuskata. Abin da na koya shi ne, in za ka tuba, ka tuba tun kaya suna da arha.